Hoton Da Aka Hana Shi Fitowa Tas: Ƙasar Tambuwal Da Kebbe A Idon Kyamara



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da ke sahun gaba, Allah ya gafarta maku. 'Yan'uwana masu sana'ar hoto da suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga matasan da suka shirya wannan zama a Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu, suka kuma ga dacewar a miƙo mini abin magana.

An ce in yi bayani ne a kan wani salo na ɗaukar hoton ƙasa, wato gona da fadama da gulbi da daji da sararin sama, salon da mai hoto ba ya neman komai ya fito tas. Launi da layi da haske yake nema, har mai kallo ya tsaya yana tambayar kansa: wannan kyamara ce ta ɗauka, ko da buroshi aka zana? Na hango masu studiyo tuni sun fara murmushi. A wurinku hoton da ya yi dishi-dishi na gogewa ne, in ba haka ba uwar amarya ta riƙe cikon kuɗinku. A kan hoton biki gaskiyarku ce. Amma ku ba ni aron kunne, domin abin da na zo karewa shi ne cewa dishi-dishi iri biyu ne. Akwai na wanda hannunsa ya yi rawa, akwai kuma na wanda ya san ƙasar da yake ɗauka, har ya san abin da zai bari ya ɓace daga cikinta. Zan kasa maganar gaɓa biyar.

Gaɓa ta farko: rigimar ta girmi kakanninmu

Hoto mafi daɗewa da kyamara ta ɗauka wanda har yau yake nan, babu fuskar kowa a cikinsa. Wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, wajen 1826 ko 1827, ya shafa kwalta a farantin ƙarfe, ya saita shi ta tagar gidansa, ya bar shi a buɗe aƙalla awa takwas. Da hoton ya fito, sai ga rana ta haska ginin ta gabas, ta kuma haska shi ta yamma, abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani a lokaci guda ba. A 1838 kuma Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Faris mai cike da kekunan doki da masu tafiya. Hoton ya fito titi fayau. Duk abin da ke motsi ya narke, saboda kyamarar ta daɗe a buɗe. Wa ya rage? Wani mutum da ya tsaya cak shushaina yana goge masa takalmi.

Ke nan tun ranar farko kyamara ba ta gani irin ganinmu. Tana iya tara lokaci mai tsawo ta zuba shi a takarda ɗaya.

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu masu hoto a Turai da Amurka suka gaji da gorin masu zane, cewa su matsa maɓalli kawai suka iya. Sai suka shiga tausasa hotunansu, suna shafa sinadari da hannu, suna neman hazo da hasken wata. Edward Steichen ya ɗauki wani tafki cikin itatuwa da farin wata a 1904. In aka nuna maka shi ba a faɗa maka ba, ka rantse fenti ne. A 2006 an sayar da kwafinsa ɗaya a kan dala miliyan 2.9. Abokin aikinsa Alfred Stieglitz, a shekarun 1920, ya ɗaga kyamara sama yana ɗaukar gajimare zalla, ba ƙasa ba bishiya, har ba ka sanin ina sama ina ƙasa. Sai ga wasu a 1932 a Kalifoniya, cikinsu da Ansel Adams da Edward Weston, suka ce a'a, wannan kwaikwayon masu zane ne, aikin kyamara shi ne ta fito da kowane ɗan tsakuwa. Ɓangarorin nan biyu har gobe ba su sasanta ba, kuma na tabbata dukansu suna da wakilai a ɗakin nan.

Gaɓa ta biyu: su wa ke yin sa a zamaninmu?

A nan zan yi sauri. Ernst Haas, ɗan ƙasar Ostiriya, a 1956 ya ɗauki wasan mutum da bijimi a Sifen da kyamara mai jinkiri da gangan, sai bijimi da mayafi suka zama guguwar launi. Franco Fontana na Italiya ya riƙa ɗaukar tuddan kudancin ƙasarsu da dogon ido mai jawo nesa, gona ta zama falle rawaya, falle kore, falle shuɗi, shi ke nan. Hiroshi Sugimoto na Japan tun 1980 yake bin tekunan duniya, kowane hoto rabi ruwa rabi sama, baƙi da fari, ba jirgi ba tsuntsu. Sai Bajamushe Andreas Gursky, wanda hotonsa na kogin Rhein na 1999 aka saya dala miliyan 4.3 a 2011. Me ke cikinsa? Ciyawa, ruwa, ciyawa, sama, a shimfiɗe layi-layi.

Na ga wani a baya yana ƙidaya da yatsu, yana mayar da dala naira. Ɗan'uwa, ajiye lissafin. Kasuwar nan tana da nata dillalai da nata siyasa, kuma duk wanda ya shiga wannan aiki don ita, yunwa za ta koro shi. Na kawo sunayen ne don ku ga abu ɗaya da ya haɗa su: kowannensu ragewa yake yi. Mai hoton biki yana ƙoƙarin kada a bar kowa a waje. Su kuwa suna ta fitarwa har sai abin da ya tsayar da su a wurin kaɗai ya rage.

Gaɓa ta uku: idonmu ya riga ya saba

Akan ce wai wannan salo na Turawa ne, Bahaushe ba zai gane hoton da ba mutum a ciki ba. Ni ban yarda ba. Wa ya taɓa tambayar maɗinki wace dabba ce aska takwas da ke ƙirjin babbar riga? Wa ya taɓa cewa zayyanar allon sauka ba ta yi kama da kowa ba, don haka ba ta yi kyau ba? Dagi a bangon soro, ƙirar ƙwarya, saƙar faifai da tabarma, aikin dukawan Sakkwato a kan jar fata, duk layi ne da launi da maimaici, kuma kakarka da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ɗaga faifai biyu ta gaya maka wanne ne gwani ya saƙa. Shekaru ɗaruruwa muka yi muna horar da ido a kan kyan da ba ya kwaikwayon siffa. Abin mamaki shi ne da kyamara ta shigo hannunmu, sai muka manta da wannan horo, muka juya ta kan fuska kawai: biki, suna, fasfo, fastar siyasa.

Malamai suna nan, su za su gyara mini. Amma sananne ne cewa a cikin Bukhari da Muslim an ruwaito Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da cewa in dole sai ya yi, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Saɓanin malamai a kan hoton kyamara na mai rai ba nawa ba ne in warware. Ina nuni ne kawai cewa ga fage nan a buɗe wanda ko mai tsananin taka-tsantsan zai iya shiga da kwanciyar hankali, mu kuwa mun bar shi fayau.

Kuma ba mu ne farkon masu wannan tunani a Arewa ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Hujjarsu ita ce a karɓi kayan aikin baƙo, amma a zana da idon gida. Abin da suka yi da buroshi shi nake roƙon ku yi da wayoyin da ke aljihunku.

Gaɓa ta huɗu: ƙasar nan, da yadda ake ɗaukar ta

Nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Mu fara da hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Mai studiyo yana tsine wa wannan lokaci, domin yana kashe launi, yana shiga cikin kyamara. Amma ku tsaya bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, tsakanin Dogon Daji da nan, da hantsi a watan Janairu, ku dubi gabas. Bishiyar kusa baƙa ce. Ta bayanta toka-toka. Ta bayan wannan ta kusa zama fara, ta huɗu sai dai ka yi zato. Rana kuwa ta zama farin faranti da za ka iya kallo ido da ido. Abin da Steichen ya sha wahala yana shafa sinadari don ya samu, mu Allah yana aiko mana da shi kyauta wata huɗu a shekara, muna rufe taga.

A irin wannan rana ba ka bukatar wata dabara. Ka cire hanya da turakun lantarki daga hoton, ka jawo nesa kusa, ka bar sahun bishiyoyi uku ko huɗu suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya. In wayarka ta yi ƙoƙarin ƙara wa hoton kaifi da kanta, wanda yawancinsu suna yi, ka shiga saitin hannu ka hana ta.

Sai fadama. Wanda ya san ƙasar Kebbe ya san yadda gulbin Zamfara, bayan ya baro Gummi, yake ratsowa ya nufi Jega, ya kuma san yadda bakinsa ke canza riga. Da kaka shinkafa ta nuna, ga ruwan zinariya. Gefenta wadda ba ta nuna ba, kore shar. Can baya jar ƙasar tudu. Sama da ita farin sama. Da rani kuma fangalin albasa ne a jere, ruwa na ƙyalli a tsakaninsu, ga farin yashin da gulbi ya janye ya bari. Falle-fallen nan da Fontana ya je kudancin Italiya nema, ga su nan manomi ya shimfiɗa da fartanya.

To yaya ake mayar da wannan ya zama kamar fenti? A kowace kyamara akwai abin da masu sana'a ke kira shata, wato ƙyaftawar idon kyamara. Hoton biki ana ƙyafta shi ne a kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ko fiye, don kada komai ya motsa. Kai kuma sai ka jinkirta ƙyaftawar zuwa rubu'in daƙiƙa ko rabi, ka saukar da ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, zuwa mafi ƙanƙanta, 50 ko 100. Wayoyi da yawa suna da wannan a sashen da aka rubuta Pro. Sa'an nan, yayin da idon yake buɗe, ka motsa kyamarar da gangan. Ga ƙa'idar: ka bi layin abin da kake ɗauka. Fadama a kwance take, don haka ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, hagu zuwa dama, a hankali, ka fara juyawa kafin ka danna, kada kuma ka tsaya sai bayan ya rufe. Giginya a tsaye take, don haka daga ƙasa zuwa sama za ka ja. In ka ja giginya a kwance, ka kashe ta, ba abin da zai fito sai taɓo. In ka ja ta a tsaye, gangar jikinta za ta miƙe ta zama dogayen layuka, kan ya baje, kuma duk ɗan ƙasar nan da ya gani zai ce giginya ce, ko da babu ganye ɗaya da ya fito sosai.

Wani zai gwada da azahar ya ga hoton ya fito fari fat, ya ce malamin nan ya yaudare mu. Dalili shi ne ƙofar hasken yawancin wayoyi ba ta tsukewa, in ka bar ido a buɗe rabin daƙiƙa da tsakar rana haske zai ƙone komai. Sai dai bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko tsakanin la'asar sakaliya da magariba. In dole sai da rana, akwai baƙin gilashi da ake ɗaura wa kyamara. Wanda ba shi da shi ya kara baƙin tabarau a gaban idon wayar, yana ɗan taimakawa. Kuma ku sani, za ku ɗauki da yawa ku zubar da mafi yawa. Aikin kamar shiƙa ne, ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa, gwanintar tana wurin sanin wanne za a bar wa iska.

Ga inda sanin ƙasa ke shigowa. Ku ɗauki gawo. Baƙo zai zo da damina ya ga bishiya tsirara a tsakiyar gero kore, ya ce ta mutu. Ɗan gida ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore lokacin da kowa ya bushe, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero yana samun rana a ƙarƙashinsa, dabbobi suna samun inuwa da 'ya'ya da rani. Wanda ya san haka zai ɗauki gona guda sau biyu, a Agusta da Maris: a na farko farin reshe a cikin kore, a na biyu kore a cikin fari. Ko ya narkar da hotunan har ba a ganin ganye, labarin yana nan a cikin launi. Wanda bai sani ba fa? Zai girgiza waya a gaban kowace bishiya, ya samu launi mai daɗin kallo da ba ya cewa komai. Irin waɗannan sun cika intanet, na Kanada da na Kebbe ba ka iya bambancewa, kuma a ganina wannan ne babban ciwon salon a yau.

Gaɓa ta biyar: kada kyau ya rufe gaskiya

A 2016 Edward Burtynsky na Kanada ya ɗauki yankin Neja Delta daga sama, wuraren da ake satar ɗanyen mai ana dafawa. Daga nesa hotunan gwanin sha'awa ne, baƙi da ruwan ƙasa da kore suna murɗe da juna. Sai ka matso ka gane man da ya kashe daji kake yabo. Ɗan ƙasarmu George Osodi kuwa, tsakanin 2003 da 2007, a ƙasa ya bi yankin, ya nuna mutanen da ke zaune cikin wannan hayaƙi. Masu sukar Burtynsky suna cewa ya yi wa masifa kwalliya. Masu kare shi suna cewa kwalliyar ce ta sa mutane suka tsaya suka duba. Ni ina ganin kowanne yana da rabin gaskiya, kuma abin da ke raba gardama shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoton.

Mu dawo gida. Garken janbaki in ya taso kan fadama da yamma, ka ɗauke shi da jinkirin rabin daƙiƙa, zai fito hayaƙi mai lanƙwasa, abin ban sha'awa. Mai shinkafar da ke tsaye gefenka yana kaɗa gwangwani tun asuba, shi me yake gani? Haka hayaƙin masu gawayi a cikin daji, haka jan bakin kwazazzabon da ke cin gona kowace damina, haka ruwan ambaliya da ya shanye amfanin shekara ya kwanta lumui yana ɗaukar hoton gajimare. Duk suna yin kyau a kyamara. Ban ce kada a ɗauka ba. Na ce a rubuta wuri da wata da shekara da abin da ake gani, kuma in da hali mai gonar ya ga hoton kafin mutanen Facebook su gani.

Sai batun gyara a kwamfuta. Gursky bai ɓoye ba cewa ya goge masu yawo da karnuka da wani ginin masana'anta daga hoton koginsa. Tunda ya faɗa, kuma a matsayin aikin fasaha ya sayar, babu wanda ya cuta. Aikin jarida daban ne: a 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙa'ida. A 2023 kuma Boris Eldagsen na Jamus ya ci wani rukuni a gasar hoto ta Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sa'an nan ya fito ya ƙi karɓar kyautar, ya ce ya yi ne don a buɗe muhawara. Yau yaro yana iya rubuta wa manhaja layi biyu ta ba shi fadama da hazo da giginya ba tare da ya taka raɓa ba. Me zai bambanta naka da nasa, alhali duka biyun dishi-dishi ne? Kai kana iya cewa ga wurin, ga ranar, ga mai gonar, zo in kai ka. Don haka ku riƙa ajiye hoton asali da wani hoton wurin wanda ya fito tas, ko don ranar da za a tambaye ku.

Kalma biyu ga matasa kafin in zauna. Halin tsaro a wasu dazuzzukanmu ba sai na faɗa ba, kun fi ni sani. Babu hoton da ya kai ran mutum. Bayan gari da fadamar da kuka sani sun ishe ku aikin shekara. Ku nemi izinin mai gona da mai unguwa, kada ku saita kyamara kan mata a rafi ko kan shingen jami'an tsaro. Masu sha'awar ƙaramin jirgi marar matuƙi su sani doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kafin nan tudu da rufin bene suna nan. Kuma ku riƙa wanke hotunanku a takarda, babba gwargwadon ƙarfin aljihu, domin irin wannan aiki a fuskar waya rabinsa ake gani. Ina ma a ce makarantun sakandaren Tambuwal da Kebbe za su ba da bango ɗaya na ɗakin taro a rataye hotunan ɗalibai na kaka da na rani. Shugabannin makarantu suna nan, na jefa maku.

Mai girma shugaba, na ga takardar da aka turo mini cewa lokaci ya yi.  Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Wanda ke da tambaya ko gyara, bismillah, kuma zan so a fara da masu studiyo, tunda su na fi takala.